Tambayoyi da Amsoshi kan Gane Sulke da Tsafe Shi a Wasan Dungeons & Dragons

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a tsakanin 'yan wasa da masu jagorantar wasa, musamman bayan an gama wani faɗa a cikin labari aka zauna rabon ganima. Amsoshin sun dogara ne a kan bugu na biyar na Dungeons & Dragons wanda ya fito a 2014, kuma duk inda aka ɗauko doka daga wani bugu ko daga wani wasa daban, an faɗa a wurin.

1. Wane irin wasa ne wannan, kuma mene ne aikin sulke a cikinsa?

Wasa ne da mutane ke zama kewaye da tebur su gina labari tare, kowa yana riƙe da jarumi ɗaya da aka rubuta ƙarfinsa da kayansa a takarda, mutum ɗaya kuma yana jagora, wato shi ke bayyana duniyar labarin da abokan gaba. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Sulke da sihirin da za a ambata nan gaba duk na cikin labari ne kamar na tatsuniya, abin da ke kan tebur kuwa takarda ce da fensir da dayis irin na ludo, sai dai mafi muhimmanci a cikinsu yana da fuska 20.

Aikin sulke shi ne ba jarumi makin kariya, wanda littattafan wasan ke taƙaitawa da haruffan AC. Idan abokin gaba ya kawo sara, jagora zai jefa dayis mai fuska 20 ya haɗa da makin harin wannan abokin gaba. In jimlar ta kai makin kariyar jarumi ko ta wuce, sara ya shiga, in ba ta kai ba kuwa ya zame a kan ƙarfe.

2. Sulke iri nawa ne, kuma me ya bambanta su?

Iri 12 ne a rukuni uku, sai garkuwa da ke zaman kanta tana ƙara maki 2. Rukuni mara nauyi ya ƙunshi lifidi, irin wanda ake gani a jikin dawaki da mahayansu a hawan salla, da rigar fata, da fata mai ƙusoshi. Na farko da na biyu suna ba da maki 11, na uku 12, kuma ana haɗa musu makin zafin naman jarumi gaba ɗaya. Rukuni na tsakiya ya fara daga ƙirgin dabba mai maki 12, ya bi ta rigar sulke mai zobba mai 13, da sulke mai ɓawo irin na kifi da marufin ƙirji masu 14 kowanne, ya tsaya a kan rabin farantin ƙarfe mai 15. A nan zafin nama ba ya ƙara fiye da maki 2. Rukuni mai nauyi bai damu da zafin nama ba ko kaɗan: fata mai zobba 14, cikakken sulken zobba 16, sulken tsinkayen ƙarfe 17, cikakken farantin ƙarfe 18.

Mafi tsada ba shi ne mafi dacewa da kowa ba. Cikakken faranti yana cin zinariya 1,500, nauyinsa ya kusa kilo 30, yana buƙatar makin ƙarfi 15, in babu kuma tafiyar jarumi ta ragu da ƙafa 10 a kowane zagaye, sa'annan yana yin ƙara idan ana son yin sanɗa. Ɓarawo mai zafin nama da ya kai ƙarin maki 5 zai samu 17 daga fata mai ƙusoshi ta zinariya 45, daidai da abin da rabin faranti na zinariya 750 zai ba shi, kuma ba tare da ƙarar ba. Wanda ya sa sulken da ba a horar da shi a kai ba kuwa, duk wani yunƙuri na ƙarfi ko zafin nama sai ya jefa dayis biyu ya ɗauki ƙaramin, kuma ba zai iya yin sihiri ba muddin yana sanye da shi.

3. Jagora ya kwatanta sulken da muka samu amma bai faɗi sunansa ba. Yaya za mu gane shi?

A tambaye shi abu uku: da me aka yi shi, wane sashe na jiki ya rufe, kuma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Zobba da aka sarƙa cikin juna har suka zama riga, idan sun tsaya a ƙugu ana sa su a tsakanin tufafi, rigar sulke ce ta rukunin tsakiya. Idan suka sauka har gwiwa da hannaye, da lifidi a ƙasa da safar hannu, cikakken sulke ne mai maki 16. Idan kuma an ɗinka zobban ne ɗai-ɗai a kan fata ba su shiga juna ba, wannan shi ne mafi rauni a rukuni mai nauyi, wanda marasa kuɗin sayen wanda ya fi shi ke saye.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne tsakanin marufin ƙirji da rabin faranti da cikakken faranti, kuma ƙafafu ne ke raba gardama. Marufin ƙirji gangar jiki kawai yake rufewa, hannu da ƙafa suna sake. Rabin faranti yana rufe yawancin jiki har da kafaɗu, amma a ƙafa marufin ƙwauri ne kawai da aka ɗaure da igiyar fata. Cikakken faranti kuwa ba ya barin wuri: kwalkwali mai murfin fuska, safar hannu ta ƙarfe, manyan takalma, da lifidi mai kauri a ciki. Gane irin sulke ba ya buƙatar sihiri, duk jarumin da ya taso a fagen yaƙi ko a maƙera ya kamata jagora ya gaya masa kai tsaye.

4. Mun tsinci kwalkwali ko safar hannu ta ƙarfe ita kaɗai. Tana ƙara makin kariya?

A'a. Bugu na biyar yana ɗaukar sulke a matsayin kaya guda, saboda haka kwalkwalin da babu sihiri a cikinsa ado ne kawai a wajen lissafi, kuma babu dokar haɗa marufin kafaɗar wannan da marufin ƙwaurin wancan a samu maki. Idan jagora yana so ya bar 'yan wasa su tara guntaye har su haɗa cikakken sulke, wannan dokar teburinsa ce, kuma yana da kyau ya sa maƙeri a tsakani. Akwai ma wata doka ta zaɓi da ta ce sulken da aka cire daga jikin wani sai an gyara shi kafin ya zauna, a kan kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗinsa.

Guntayen da ke da sihiri kuwa kaya ne masu zaman kansu, kuma yawancinsu ba kariya suke bayarwa ba. Akwai safar hannu da ke mayar da makin ƙarfi 19, akwai kwalkwali da ke sa a fahimci harsuna, akwai takalma da ke ɗauke sautin tafiya. Duk abin da ke zuwa biyu-biyu sai an sa duka biyun yake aiki. Awarwaron kariya mai ƙara maki 2 shi ne ya fi yaudarar sababbin 'yan wasa, domin ba ya aiki sai ga wanda bai sa sulke ba kuma bai riƙe garkuwa ba.

5. Ta yaya ake sanin akwai sihiri a jikin sulke tun farko?

Littafin jagora ya ce taɓa kaya mai sihiri kawai ya isa mutum ya ji cewa ba na banza ba ne. Jagora mai kyau yakan ba da alama tun kafin a taɓa: tulin makamai a kabarin da ya shekara ɗaruruwa duk sun yi tsatsa igiyoyinsu sun ruɓe, amma marufin ƙirji ɗaya yana ƙyalli, ko kuwa ƙarfe yana da ɗumi a cikin kogo mai sanyi.

Hanya mafi tabbas ita ce sihirin gano sihiri, wanda littafi ya kira Detect Magic. Na matakin farko ne a jerin matakan ƙarfin sihiri, yana aiki har minti 10, yana nuna duk abin da ke da sihiri a cikin tazarar ƙafa 30 tare da fannin da sihirin ya fito. Dutse mai kaurin ƙafa 1 yana tare shi, haka ƙarfe mai kaurin inci 1, ko siririn fallen darma, ko ƙafa 3 na itace ko ƙasa. Yana faɗin cewa akwai sihiri, amma ba ya faɗin abin da sihirin ke yi. Wannan sai a duba tambaya ta 6.

6. To, yaya ake tantance ainihin abin da sulken yake yi?

Hanya biyu ce. Ta farko kyauta ce: jarumi ya zauna gajeren hutu, wato awa ɗaya, yana riƙe da kayan yana nazarinsa, a ƙarshen hutun ya san amfaninsa da yadda ake aiki da shi. Abu ɗaya kawai ake iya yi wa haka a hutu guda. Ta biyu ita ce sihirin tantancewa mai suna Identify, wanda ke ɗaukar minti 1, ko minti 11 idan an bi doguwar hanyar da ba ta cinye ƙarfin mai sihirin. Yana buƙatar lu'ulu'u na zinariya 100 da gashin mujiya. Lu'ulu'un ba ya ƙarewa, sau ɗaya ake sayensa, saɓanin bugun 2003 inda ake niƙe shi duk lokacin da aka yi sihirin.

Wasu jagorori suna ganin hanyar hutu ta yi arha da yawa, tana kashe armashin ganima, kuma littafin jagora ya ba su damar soke ta su ce sai da sihirin tantancewa ko da gwaji. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi a labarin da kayan sihiri suka yi ƙaranci. Amma idan babu mai wannan sihiri a cikin tawaga, dole a tanadar musu wani masani a gari da za su je wurinsa, in ba haka ba za su yi ta yawo da buhun kayan da ba su san amfaninsu ba.

7. Mece ce ƙulla alaƙa da kaya, kuma kowane sulke ne ke buƙatarta?

Wasu kaya ba sa sakin sihirinsu sai jarumi ya ƙulla alaƙa da su, wato ya sake zaman wani gajeren hutu yana mai da hankali a kansu. Ba a haɗa wannan hutu da na tantancewa, kowanne da nasa. Jarumi ba ya wuce kaya 3 a lokaci ɗaya, kuma alaƙar tana warwarewa idan kayan ya yi nisan fiye da ƙafa 100 na tsawon awa 24, ko jarumin ya mutu, ko wani ya ƙulla tasa alaƙar da shi. Kafin a ƙulla, sulken yana ba da makinsa na asali kamar kowane sulke.

Sulke mai ƙarin maki zalla, da na ƙarafan almara mitiril da adamantin ba sa buƙatar alaƙa, wanda ya sa suke da daraja fiye da yadda ake zato, tunda ba sa cin gurbi. Sulke mai rage illar wuta ko sanyi, da na ɓawon dodon wuta, suna buƙata. Haka ma yawancin masu la'ana, kamar yadda tambaya ta gaba ta nuna.

8. Yaya ake gane sulke mai la'ana kafin a sa shi?

Mafi yawan lokaci ba a ganewa, kuma da gangan aka tsara haka. Dokar gaba ɗaya ta ce yawancin hanyoyin tantancewa, har da sihirin da ke tambaya ta 6, ba sa tona la'ana, sai dai tarihin kayan ya ba da alama. Akwai wanda ya fita daga wannan doka: sulken rauni, cikakken faranti ne da ke rage rabin illar nau'in hari ɗaya daga cikin duka da suka da sara, amma ya ninka illar sauran biyun. Bayaninsa ya ce sihirin tantancewa yana tona shi, alhali zaman hutu ba ya yi. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen lu'ulu'un nan. Sulken shaiɗanu kuwa yana ƙara maki 1, amma da zarar an sa shi ba ya cirewa, kuma yana raunana mai shi a gaban shaiɗanun.

Abin da ya rage wa ɗan wasa shi ne bincike irin na hankali: a jikin wa aka samu sulken, me ya kashe shi yana sanye da shi, me ya sa masu gidan suka kulle shi a akwatin darma maimakon su sa wa barden su. Idan an riga an faɗa, maganin shi ne sihirin cire la'ana na mataki na 3. Yana warware alaƙar har a iya tuɓe sulken, amma la'anar tana nan a jikin ƙarfen tana jiran na gaba.

9. Ƙarin maki 1 kawai ne. Me ya sa ake ɗaukarsa babban abu?

Saboda lambobin bugu na biyar ba sa hawa da sauri. A ɗauki jarumi mai cikakken faranti, makinsa 18, da abokin gaba mai ƙarin hari 5. Yana buƙatar 13 ko sama, wato fuska 8 cikin 20. Da maki 19 fuskokin sun koma 7, ke nan sara ɗaya cikin kowane takwas da zai shiga ya tafi. Idan aka ɗora garkuwa, aka ce sulke da garkuwar kowanne yana da ƙarin 3, maki ya kai 26, kuma wannan abokin gaba ba zai taɓa shi ba sai dayis ya faɗi a kan 20.

Shi ya sa aka sanya sulke mai ƙarin 1 a aji na uku cikin azuzuwa biyar na wuyar samu, mai ƙarin 2 a aji na huɗu, mai ƙarin 3 a na biyar, ajin kayan almara. Garkuwa tana ƙasa da haka da aji ɗaya. Jagoran da ya raba waɗannan da wuri zai ga ƙananan dodanni sun daina zama barazana ga jarumi ɗaya, alhali idan ya kawo manya don su dace da shi sai su murƙushe sauran tawagar.

10. Mitiril da adamantin fa?

Ƙarafa ne na almara, dukansu a aji na biyu. Sulken mitiril yana ɗauke sharaɗin ƙarfi da matsalar ƙara da aka ambata a tambaya ta 2, na adamantin kuma yana mayar da mugun sara, wato wanda ya zo da 20, ya zama sara na yau da kullum. Babu wanda ke ƙara maki a cikinsu, kuma saboda haka su ne kyautar da ta fi dacewa da tawagar da ke matakan farko.

11. Zan iya tsafe sulkena da kaina? Nawa zai ci?

Za a iya, idan jagora ya yarda, amma dokar ta bambanta daga littafi zuwa littafi. A littafin jagora na 2014 sai mai sihiri, sai an mallaki tsarin haɗin kayan, kuma aiki yana tafiya ne a kan zinariya 25 a rana. Kayan aji na uku yana cin 5,000 kuma yana buƙatar jarumi ya kai mataki na 6 a ƙwarewa, ke nan kwana 200 a kan sulke mai ƙarin 1. Na aji na huɗu yana cin 50,000, wato kwana 2,000 ga mutum ɗaya. A zahiri wannan doka tana cewa ne kada a yi.

Littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya sassauta. Aji na uku ya koma zinariya 2,000 da makon aiki 10, na huɗu 20,000 da mako 25, na biyar 100,000 da mako 50, kuma maƙerin da ya ƙware da kayan aikinsa zai iya ko da ba mai sihiri ba ne. Abin da ya ƙara shi ne mahaɗi na musamman da sai an fita nemansa a wurin wata halitta mai haɗari gwargwadon ajin kayan. A ganina wannan ce doka mafi kyau, domin ta mayar da tsafe sulke tafiya da faɗa da ciniki maimakon lissafin kuɗi. Wanda ya ƙwato ɓawo daga ramin dodo da hannunsa ba zai sayar da sulken a garin farko da ya shiga ba. Littafin jagora na 2024 ya riƙe kusan waɗannan farashi, ya kuma fayyace cewa kuɗin sulken kansa daban ne: cikakken faranti mai ƙarin 1 zai ci 3,500, ko 2,000 idan mutum ya ƙera farantin da kansa.

12. Babu wata gajeriyar hanya?

Akwai, amma ta wucin gadi ce. Jarumi mai sana'ar ƙere-ƙeren sihiri, wanda ya shigo bugu na biyar a 2019, tun daga mataki na 2 yana iya zuba wa sulke ko garkuwa ƙarin 1, ya koma 2 a mataki na 10. Limamin maƙera kuma tun matakin farko yana iya sa wa sulke ɗaya ƙarin 1 bayan kowane dogon hutu. Dukansu suna aiki ne a kan kayan da babu sihiri a jikinsa, don haka ba a ɗora su a kan tsafaffen sulke. Sihirin garkuwar imani yana ƙara maki 2 na minti 10 kuma yana haɗuwa da kowane sulke, amma sihirin sulken matsafa mai ba da 13 da zafin nama na awa 8 ba ya kama wanda ya riga ya sa sulke.

13. Ana iya ɗaga sulke daga ƙarin 1 zuwa 2, ko a mayar da sihirinsa kan wani sulke?

Dokokin asali na 2014 ba su tanadi ko ɗaya ba, hukunci na jagora ne. Masu son irin wannan sukan aro daga bugun 2003, inda farashin sihirin sulke shi ne lambar ƙarin a ninka ta da kanta sau zinariya 1,000. Ƙarin 1 dubu ɗaya ne, 2 dubu huɗu, har zuwa 5 mai dubu 25, kuma mai son ɗagawa bambancin kawai yake biya. Sharaɗin a can shi ne sulken ya kasance ƙirar gwani tun asali.

Wasan Pathfinder bugu na biyu, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2019, ya gina tsarinsa gaba ɗaya a kan wannan buƙata. Ana zana hatimai ne a jikin sulke: hatimin ƙarfi mai ƙara maki 1 zuwa 3, da hatimin juriya, da hatiman siffa irin na jure wuta, waɗanda yawansu ba ya wuce lambar hatimin ƙarfi. Ana iya ɗauke hatimi daga wani sulke a mayar kan wani, saboda haka jarumin da ya gaji sulken mahaifinsa ba ya rabuwa da shi don ya samu wanda ya fi. Wanda zai aro wannan zuwa bugu na biyar ya tsaya a kan ƙarin 3, saboda dalilin da ke tambaya ta 9.

14. Me zai iya cutar da tsafaffen sulke ko mai sanye da shi?

Sulken kansa yana da wuyar lalacewa. Dodon tsatsa, wanda ke rage wa sulken ƙarfe maki 1 duk taɓawa har ya ruguje idan ya sauka zuwa 10, ba ya iya komai da mai sihiri. Sihirin warware sihiri ma ba ya goge abin da aka ƙera a jikin kaya, sai dai filin hana sihiri na mataki na 8 ya danne shi muddin ana cikin filin.

Mai sanye da shi ne ke cikin haɗari. Sihirin zafafa ƙarfe, na mataki na 2 kawai, bai ware tsafaffe da wanda ba tsafaffe ba. Yana mayar da sulken ja wur, yana ƙona jarumi da illar da ake ƙidayawa da dayis biyu masu fuska 8, kuma mai sihirin zai iya maimaitawa kowane zagaye har tsawon minti 1, wato zagaye 10. Tuɓe sulke mai nauyi kuwa minti 5 yake ɗauka, rabin haka idan akwai mai taimako, saboda haka sihirin zai ƙare kafin a kwance igiyoyin kafaɗa. Abin da tawaga za ta yi shi ne ta afka wa mai sihirin, domin duk dukan da ya same shi sai ya jefa dayis don riƙe natsuwarsa, kuma da ta kuɓuce masa ƙarfen ya daina ƙuna.